Hannun Yaya Bakoji

Birnin Gwari,
20 ga Fabrairu, 1972.

Zuwa ga taubashina Andrawus ɗan Kawu Enoch, ofishin Reluwe, Ikko.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Lydia da yara. Mu nan lafiya lau, sai idon Inna na hagu da yanar ido ta ƙara rufewa. Amma tana cin abinci, tana kuma faɗa da kaji kamar kullum. Maigidana yana gaishe ka, kwanansa uku ke nan a gandun daji suna share layin wuta. Kawu ya zo daga Damari ran kasuwa, ƙafarsa ta yi sauƙi.

Bayan haka, ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ran Alhamis na tashi daga ajin mata na yaƙi da jahilci, na biya ta tasha in karɓo keken Malam a rumfar Mainasara mai faci. Ina tsaye ina jira, sai idona ya faɗa kan wata sabuwar kalanda da ya rataye, ta tallan Taya Mai Ɓauna. Andrawus, na matsa na duba zanen da kyau. Hannun Yaya Bakoji ne.

Na san abin da za ka ce. Shekara biyar da rabi ke nan rabonmu da takardarsa daga Fatakwal, yaƙi ya zo ya wuce, wanda zai dawo ya dawo. To, saurara in gaya maka abin da ke ciki. Babbar mota ce ɗauke da doya a kan jar hanya cikin daji. A gefen hanya wata mace ta ratse tana kallonta, da masaki a kafaɗa, irin ɗaukar matanmu na Gbagyi. Duk tallan da na taɓa gani, a ka suke ɗora wa mace kaya. Masakin nan kuma yana da ɗinki a baki, guda bakwai, na ƙirga. Ka tuna masakin Inna da jakin Baba ya taka? Ƙafarta ta hagu ta ɗan karkata ciki, ga faso a dunduniya. Wane mai talla ne zai zana wa mace faso, in ba wanda ya girma yana bin bayan ƙafar nan zuwa rafi ba? Can baya ga dutsen ƙauyenmu, Unguwar Doka, mai kama da tukunya a kife.

Na roƙi Mainasara ya ara mini. Ya ce in ɗauka, shi dama kwanan wata bai dame shi ba, hoton ne ke tara masa mutane. Da na kai gida Inna ta kawo ta dab da idonta mai gani, tana bin zanen da yatsa. Ka san ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Can ta ce, "Hannun yayanki ne. Amma ya rage mini shekaru."

A ƙasan kalandar an rubuta da ƙananan baƙaƙe, Maɗaba'ar Tauraron Teku, Mushin. An ce Mushin nan kusa da ku take. Don Allah ka je. Kada ka yi mini irin naka na sai an yi hutu.

Ni ce taka,
Tasalla.

Ikko,
12 ga Maris, 1972.

Zuwa ga Tasalla, sarauniyar gaggawa.

Na sami takardarki, na yi murna da jin kuna lafiya. Mu ma muna nan ƙalau, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta warke. Lydia tana gaida Gwaggo. Ki gaishe da Malam Salmanu, ki ce masa har yanzu ina jiran zumar da ya yi mini alkawari.

Kalandar nan akwai irinta a ofishinmu. Wata biyu tana rataye a bayan kujerata ban ɗaga kai na dube ta ba, kin ga irin taubashin da Allah ya ba ki. Da takardarki ta zo na sauko da ita na shimfiɗa a tebur. Ban musa miki ba, matar nan Gwaggo ce. Har yadda take ɗan tauna leɓe in tana kallon abin da bai gamshe ta ba, yana nan.

Amma ina so ki riƙe zuciyarki. Akwai wani abokin aikina da ya taɓa aiki a gidan buga takardu, na nuna masa. Ya ce masu talla ba sa yar da zane. Sukan ajiye shi shekaru, in ya yi musu kyau su sake fito da shi, su canja kwanan wata kawai. Yana yiwuwa Bakoji ya yi wannan tun yana Fatakwal kafin rikici, aka sayar wa wani, wani ya sayar wa wani. Zanen zai iya zama nasa, ba tare da shi yana raye ba. Rubuta wannan ya yi mini nauyi, amma gara ki ji daga bakina.

Na je Mushin ran Asabar, na tarar sun tashi daga aiki. Mai gadi ya ce su bugu kawai suke yi, wani kamfanin talla ne ke kawo musu zane, shi kuma bai san masu zanen ba. Zan koma ranar aiki in na sami izini. A halin yanzu kada ki bar Gwaggo ta sa rai da yawa. Ta riga ta yi kukansa sau ɗaya, ta yi na babanku, Baba Wakili, a bayansa. Ba na so mu sa ta yi na uku.

Allah ya kiyaye ku.
Naki,
Andrawus.

Birnin Gwari,
9 ga Afrilu, 1972.

Zuwa ga Andrawus.

Gaisuwa da fatan an yi Ista lafiya. Muna nan lafiya, zafi ne dai ya hana kowa sakat. Malam ya ce zuma tana nan, ka zo ka ɗauka da ƙafarka.

Takardarka ta kwantar da ni kwana biyu. Na ɗauko gwangwanin da nake ajiye tsofaffin tallan da Yaya yake aiko mana, na baje su a tabarma: na sabulu mai yarinya tana dariya da giɓi, na fitila mai tsoho yana gyara lagwani, da na ashana. Ina ta kallo ina cewa ƙila kai ke da gaskiya.

Sai ga shi Lahadin da ta wuce aka koma tuƙi ta hannun dama. Da ka ga tasha ran nan! Direbobi na ihu, masu jakuna sun ce su ba a sanar da jakunansu ba. Malam ya dawo gida yana dariya, ya tsaya gaban kalandar zai cire hula, sai na ga ya matsa ya ƙura mata ido. Ya ce, "Tasalla, zo ki duba. Ta wane hannu motar nan take?" Na duba. Can gaba akwai wata ƙaramar mota tana tahowa, kowace ta riƙe damanta. Andrawus, wa ya san za a koma dama a shekarar sittin da shida? Zanen nan sabo ne. Ka kai wa abokin aikinka wannan.

Malam kuma ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana aikin daji, bai taɓa ganin an zana itace ya gane sunansa ba sai a nan. Masu zane sukan yi wani abu kamar laima su ce itace ne. Shi kuwa nan ya nuna mini doka da jan tofonta, ga kaɗanya, ga maɗaci, har da wata ɗorawa da wuta ta taɓa ci ta gefe ɗaya.

Abu guda ne ya tsaya mini, ba zan ɓoye maka ba. A tsofaffin, 'yan layukan da yake yin inuwa da su duk sun kwanta gefe ɗaya. A wannan sun kwanta ɗaya gefen. Ban san ma'anarsa ba.

Inna ta sa an rataye kalandar a ɗakinta. Ban iya hana ta sa rai ba, ni ma ban hana kaina ba. Ka koma Mushin.

Taka,
Tasalla.

Birnin Gwari,
28 ga Mayu, 1972.

Andrawus,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ka, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Motar gidan waya ta kafe a rafi cikin ruwan farko, buhun wasiƙu ya jiƙe. Da na buɗe, tawada ta bi ruwa, sai na shanya ta a rana na karanta abin da ya rage. Ga abin da na iya gani: "Na je Mushin", sai "Bakoji ya rasu", sai "tun 1968", sai "jirgin sama" da "kasuwa". A ƙarshe kuma, "kada ki gaya wa Gwaggo tukuna." Sauran duk ya wanke. Amma wannan ya isa.

Ashe kai ke da gaskiya, ni ce mai taurin kai. Yanzu na gane layukan inuwar nan. Wani ne ya sami tsohon zanensa ya kwaikwaya, ya gyara motocin. Ko wane ne shi, ban riƙe shi a zuciya ba, ya bi hannun Yaya da ladabi.

Na bi maganarka, ban gaya wa Inna ba. Ni da Malam kaɗai muka sani. Abin da ya fi mini wuya shi ne kullum da safe sai ta share ƙurar kalandar da gefen zanenta. Jiya ta ce a bar jan zakaran nan kada a yanka, na baƙo ne. Na shiga madafa na ce hayaƙi ne ya shige mini ido. Ni na kawo mata takardar nan gida, Andrawus. Da na bar ta a rumfar mai faci, da tana nan da haƙurinta na da.

Ba zan iya riƙe wannan har abada ba. Na aika wa Kawu ya zo ran goma sha ɗaya ga Yuni, ina so ƙanenta yana kusa in za a faɗa mata. Kafin nan ka rubuto mini abin da ruwa ya cinye. A wane gari ne? An san inda aka binne shi? An yi masa salla, ko akwai wanda ya tsaya a kansa? Za ta tambaya, ba na so in ce ban sani ba.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.
Tasalla.

WAYAR TANGARAHU
Daga Ikko, 8 ga Yuni, 1972.
Zuwa ga Tasalla, gidan Salmanu malamin daji, Birnin Gwari.

BAKOJI YANA RAYE. JIYA MUKA CI ABINCI TARE. HANNU YA RASA BA RASUWA YA YI BA. GAYA WA GWAGGO YANZU. TAKARDA NA TAFE. ANDRAWUS.

Ikko,
8 ga Yuni, 1972.

Zuwa ga Tasalla.

Ina gaishe ku duka, muna lafiya. Ki yafe mini. Yau da safe takardarki ta zo, na karanta a tsaye, na fita da gudu zuwa gidan waya ko hula ban ɗauka ba. Abin da na rubuta shi ne, "Bakoji ya rasa hannunsa na dama tun 1968, amma yana nan da ransa." Ruwa ya ci rabi, mummunan rubutuna ya ci sauran. Tun muna makaranta malamai ke dukana a kan ba a bambanta "a" ɗina da "u". Daga yau kina da izinin zagina har mu tsufa.

Bari in sake ba ki labarin daga farko.

Sau uku na koma maɗaba'ar nan. A na uku shugaban ma'aikata ya tausaya mini, ya ce mai zanen wani Mista Bako ne, yakan zo ran Alhamis ya duba ko kala ta fita daidai. Na ɗauki izini na je na zauna a kan benci. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga wani siririn mutum da furfura a gefen kai, ya matse babban fayil a hammatar hagu, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke da fil. Ya wuce ni. Tafiyar ce na gane. Na ce masa da yarenmu, da sunan tsokanarsa na yarinta, "Mai ɓata bangon rumbu, ina za ka?" Fayil ɗin ya faɗi, takardu suka watse. Ya juyo ya ce, "Andrawus? Inna fa?" Na ce tana nan, tana faɗa da kaji. Sai ya zauna a ƙasa cikin takardun ya rufe fuska.

Ga abin da ya faru da shi. Lokacin da 'yan arewa ke gudowa daga Fatakwal yana kwance da zazzaɓi. Wani abokin aikinsa, Ibo, ya ɗauke shi ya kai ƙauyensu, uwar abokin ta ce wa mutane ɗan ƙanwarta ne. Nan yaƙi ya rufe da shi. Wata rana ya raka tsohuwar kasuwa, jirgin sama ya zo ya jefo bam. Ita ba abin da ya same ta. Shi aka yanke masa hannu daga gwiwa. Bayan yaƙi ya gangaro Ikko, ya sami aikin shara a kamfanin talla.

Na je ɗakinsa. Tasalla, da kin ga tarin takardun da ke ƙarƙashin gadonsa. Shekara guda cur yana tsince takardun da aka zubar, yana koya wa hagu. Na farkon kamar na ɗan aji ɗaya, da'ira ma ba ta haɗuwa. Ya zana ƙwai ya fi dubu. Daga ƙwai ya koma tulu, daga tulu ya koma fuska. Ranar da mai kamfanin ya ga abin da mai shararsa ke yi, ya karɓe tsintsiyar. Kin ga dalilin da layukan inuwa suka juya. Da na gaya masa kin lura, ya yi dariya har da hawaye, ya ce duk Ikko ba wanda ya gani sai ke.

Na zauna na ga yana aiki, tallan ganyen shayi ne. Yana danne takarda da dungun hannun, ya fara daga ƙafafu ya yi sama. Na tambaye shi dalili, ya ce in bai san yadda mutum ya taka ƙasa ba, ba zai san fuskarsa ba. Ya ce a kan kalandar nan sai da suka yi kwana biyu suna gardama, mai kamfani yana so a mai da masakin kan ka. Shi kuwa ya ce in an mai da shi, a nemi wani mai zanen.

Ni na gaya masa rasuwar Baba Wakili, bai sani ba. Shi ya roƙe ni kada a faɗa wa Gwaggo tukuna, wai yana so ta ji daga hannunsa. Yau na ce masa wannan alkawari ya tashi. Ga takardarsa na haɗo. Na naɗe su duka cikin leda.

Naki mai laifi,
Andrawus.

Mushin, Ikko,
8 ga Yuni, 1972.

Zuwa ga Inna, ta hannun ƙanwata Tasalla.

Assalamu alaikum. Inna, ina gaishe ki, ina durƙushe. Tasalla, ki karanta mata a hankali, ki juya mata da yarenmu inda ya kamata. Ki yi haƙuri da rubutun. Hagu ta koyi zane, amma har yanzu tana gardama da baƙaƙe.

Ina lafiya. Ina ci, ina sha, ina da ɗaki da aiki.

Na san tambayar da ke ranku, me ya sa ban rubuto ba. Na rubuto sau ɗaya, bayan yaƙi da wata uku. Wani ya rubuta mini, na sa sunan Baba, Unguwar Doka. Takardar ta dawo ba a buɗe ba. Ban san ya rasu ba, ban san kun tashi kun koma gari ba. Na ɗauka shi ya mai da ita. Kun san yadda muka rabu. Ya ce in na tafi zanen mutane kada in ƙara tako masa gida, ni kuma na ce ba zan dawo ba sai ya ga abin da hannun nan zai yi. To, ga hannun ya tafi. Na kasa tunanin in tsaya a ƙofarsa da hannun riga yana lilo. Na ce sai na koya wa ɗayan. Da na koya kuma, sai kunyar daɗewar ta kama ni. Wannan ba hujja ba ce, labari ne kawai. Laifin nawa ne.

Da aka ba ni aikin kalandar, cewa aka yi in zana mota a kan hanya. Ban yi niyyar sa kowa ba. Na fara hanya, sai ta zama hanyar Randagi. Na sa itatuwa, sai dutsen ya fito. Daga nan na ga ba zai yiwu a bar gefen hanyar nan ba kowa. Ban yi zaton za ta kai Birnin Gwari ba, amma ina jin zuciyata ta so ta kai.

Inna, ki yafe mini kukan da na sa ki. Tasalla, ke ma, da kwanakin nan da kika ɗauka ke kaɗai. An ba ni hutu a watan Agusta. Ina zuwa, in Allah ya yarda.

Ɗanki,
Bakoji.

Birnin Gwari,
20 ga Agusta, 1972.

Zuwa ga taubashina Andrawus, mai kashe mutum da alƙalami.

Gaisuwa mai yawa, kai da Lydia da yara. Muna lafiya, damina ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsawo. Na yafe maka, amma na ba matan ajina labarinka, yanzu duk wadda ta bar kan "a" a buɗe sai sauran su ce mata Andrawus.

Ban ba ka labarin wayarka ba. Ran Juma'a ta iso, saura kwana biyu Kawu ya zo. Ina tankaɗe masinja ya yi sallama. Na karanta sau uku, na zauna cikin garin. Inna ta fito ta ce lafiya? Na ce, "Inna, yana raye." Ta dube ni ta ce, "To, da wa ya ce miki ba ya raye?" Har yau ba ta san kwanakin da na yi ba, kada ka kuskura ka faɗa. Kawu ya zo da fuskar ta'aziyya, ya koma da cikinsa cike da tuwo.

Yaya ya iso ran Talata da hantsi. Kafin ya kai gida rabin tasha na biye da shi, Mainasara a gaba yana cewa shi ya gano shi. Inna tana tsakar gida. Ya durƙusa, ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta gangaro kafaɗa har ta kai inda hannun ya ƙare. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta riƙe wurin da hannu biyu ta ce, "Yana ciwo?" Ya ce sai in hadari ya haɗu. Ta ce, "Akwai man kaɗe." Shi ke nan. Kullum da safe ita ke shafa masa.

Bai huta ba. Malam ya kai shi gandu kwana biyu, ya dawo da littafi cike da itatuwa da sawun gwanki. Ya zana wa ajina hotunan koyon baƙaƙe, kaza da tulu da fartanya, matan suna ta gardama a kan kazar wace ce. Ran Alhamis muka je Unguwar Doka ya ziyarci kabarin Baba. Ya daɗe a can, muka ba shi wuri.

Jiya bayan azahar muna zaune a inuwa, sai Inna ta ce da ni, ba da shi ba, "Tambayi yayanki, yana iya zana wanda ba ya nan?" Ka san Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ta ce shekara huɗu ke nan, fuskarsa ta fara ɓace mata, in ta rufe ido sai hula da gemu take gani.

Yaya ya dubi Inna. Can ya ce, "Inna, ba zai so ba." Ta ce, "Ni ke so."

Ya ɗauko takarda ya danne. Har Malam ya bar gyaran kekensa ya zo ya tsaya. Ya zana shi zaune a kan turmi a kife yana ɗaure ƙotar fartanya, yadda yake yi in ruwa ya kusa. Da ya gama ya miƙa mata. Ta kai dab da ido, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Ya fi haka ɗaure fuska."

Dariya ta ƙwace mana duka, Yaya yana yi yana share ido da kafaɗa. Ya karɓa ya ƙara layi biyu a tsakanin gira, ya mayar mata. Wannan karon ta daɗe ƙwarai. Sai ta ce da hoton Baba a hankali, "Malam, ga shi ya dawo. Ka bar faɗan haka nan."

Ta tashi ta naɗe takardar cikin zanenta na saƙi, ta sa a adaka ta rufe. Da ta fito ta ce Yaya ya matso ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, tuwo yana hucewa.

Zai taso ran ashirin da takwas, ka tare shi a tasha. Zuma tana cikin kayansa.

Ni ce taka,
Tasalla.